Labarin Yadda Aka Gano Bitamin

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Labarin da za mu ba ku yau, 'yan makaranta, ya gaskata wannan magana. Tarihi ne na waɗansu cututtuka biyu da suka yi shekaru aru-aru suna kashe maza a teku da tudu, alhali kuwa maganinsu yana nan a zube a kasuwa, talaka ma bai rasa kuɗinsa ba. A wajen neman asalin waɗannan cututtuka ne aka gano abin nan da malamanku ke kira bitamin.

Bitamin waɗansu abubuwa ne ƙanana ƙwarai da ke cikin abinci. Ido ba ya ganinsu, ba su kuma ƙosar da ciki. Amma in babu su, ko mutum ya ci tuwo ya yi taf, jikinsa zai yi ta lalacewa har ya kai shi kushewa. To, yaya aka yi mutane suka san da abin da ba a gani? Ga yadda aka yi.

Ciwon Matuƙa

A zamanin da, kafin a ƙago jiragen ruwa masu inji, iska ce ke kora jirgi, sai a yi wata da watanni ba a ga gaɓa ba. Guzurin matuƙa kuwa bai wuce busasshen burodi mai tauri kamar dutse ba, da nama mai gishiri, da busasshen wake. In an yi wata biyu ko uku a kan wannan cima, sai ciwo ya kunno kai. Da fari kasala ce, mutum ya ji ba ya son ko ɗaga hannu. Sa'an nan dasashi ya kumbura, ya yi baƙi, ya dinga zub da jini, haƙora su yi ta girgiɗi har su zube. Fata ta yi tabo-tabo kamar an yi wa mutum dūka. Daga nan sai mutuwa. Turawan Ingila suna kiran wannan ciwo sikabi.

A shekara ta 1497 Vasco da Gama, mutumin Fotugal, ya tashi da jiragensa ya kewaya ta kudancin Afirka zuwa Indiya. Kafin su komo gida a 1499, fiye da rabin mutanensa sun mutu, galibi da wannan ciwo. Abin mamaki, sa'ad da suka tsaya a Mombasa aka kawo musu lemo, marasa lafiya suka sha suka sami sauƙi. Sun ga magani da idonsu, amma ba wanda ya riƙe darasin.

Haka kuma a hunturun 1535 zuwa 1536 wani Bafaranshe, Jacques Cartier, ƙanƙara ta tsare jiragensa a Kanada. Cikin mutanensa 110, guda 25 suka mutu, saura kuwa kusan duk suna kwance. Mutanen ƙasar ne suka nuna masa wata itaciya, aka dafa ganyenta da ɓawonta, aka sha, cikin 'yan kwanaki aka miƙe. A 1601 ma wani shugaban jiragen Ingila, James Lancaster, ya riƙa ba mutanen jirginsa cokali uku na ruwan lemon tsami kowace safiya. Suka zauna lafiya, mutanen sauran jirage uku da ke tare da shi kuwa suka yi ta faɗuwa. Duk da haka aka sake mantawa.

Sai a 1740 aka ga iyakar ɓarna. Ingila ta aiki George Anson da jiragen yaƙi ya kewaya duniya, ya tafi da mutum wajen 1,900. Da ya komo a 1744, fiye da 1,300 sun halaka, kaɗan ne ƙwarai a cikinsu makamin abokin gaba ya kashe. An rubuta labarin wani tsohon soja a cikin wannan tafiya, wanda raunin da aka yi masa a yaƙi shekara hamsin da suka wuce ya sake buɗewa ɗanye, kamar jiya aka sare shi.

Gwajin Likita Lind

James Lind likita ne a wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Salisbury. Ran 20 ga watan Mayu, 1747, ya ware mutum 12 masu wannan ciwo, waɗanda nauyin ciwonsu ya yi kusan daidai. Ya kwantar da su wuri ɗaya, abincinsu iri ɗaya, sa'an nan ya kasa su biyu-biyu. Biyu ya ba su barasar tuffa. Biyu ya ba su ɗigon wani ruwa mai ƙuna irin na batir, an sirka shi. Biyu ruwan tsamin da ake kira binega. Biyu ruwan teku. Biyu wani haɗi na tafarnuwa da kayan yaji. Biyu na ƙarshe kuwa kowanne lemon zaƙi biyu da lemon tsami ɗaya kullum.

Lemon ya ƙare cikin kwana shida. Amma kafin nan ɗaya daga masu shansa ya warware har ya koma bakin aiki, ɗayan kuma ya sami ƙarfin da aka sa shi jinyar saura. Ku lura da dabarar Lind, domin ita ce uwar wannan tarihi duka: ya daidaita kome da kome, ya bambanta abu ɗaya tak, don in an ga bambanci a san daga inda ya fito.

Lind ya buga littafi a kan ciwon a 1753. Sai dai shi kansa bai san abin da ke cikin lemo ba. Yana tsammani laima da gurɓatacciyar iska ke kawo ciwon. Don ruwan lemo ya daɗe bai lalace ba, sai ya ce a dafa shi har ya yi kauri, ashe zafin wuta yana kashe ainihin abin da ake nema. Aka gwada dafaffen, bai yi aikin kirki ba, aka yi watsi da shi. Sai a 1795, shekara 42 bayan littafin, hukumar sojan ruwan Ingila ta yi umarni a riƙa ba kowane matuƙi ruwan lemon tsami, bisa shawarar wani likita, Gilbert Blane. Cikin 'yan shekaru ciwon ya kusan ɓacewa daga jiragensu.

Amma wanda ya san magani bai san dalili ba, ƙaramin sani gare shi, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Da tafiya ta yi tafiya aka daina sayen babban lemon tsami na ƙasashen Bahar Rum, aka koma ga ƙaramin da ake kawowa daga tsibiran Karibiyan, wanda ƙarfinsa bai kai na wancan ba, ga shi kuma yana salancewa wajen tacewa da ajiya. A 1875 aka aiki jirage biyu wajen ƙanƙarar arewacin duniya, da ruwan lemonsu da kome, ciwo ya kama su. Nan fa likitoci da yawa suka ce ashe dā ma lemo ba magani ba ne, suka koma zargin ruɓaɓɓen nama.

Ciwon Masu Cin Farar Shinkafa

Yanzu sai mu bar jiragen Turawa, mu nufi ƙasashen gabas mai nisa, inda shinkafa ce tuwon kowa, domin a can ne aka warware ƙullin. Akwai wani ciwo a can da ake kira beriberi. Kada ku ɗauka yana da dangantaka da Barebarin Barno, kama ce ta suna kawai. Mai wannan ciwo ƙafafunsa kan mutu, ya riƙa jin kamar ana tsira masa allura, ya kāsa tafiya. Wani kuma jikinsa ya kumbura, zuciya ta gaji ta tsaya.

Ciwon tsoho ne, amma ya yi ƙamari a ƙarni na 19, sa'ad da injinan casar shinkafa suka yawaita. Dā masu hali kaɗai ke cin shinkafa fara tas. Da inji ya zo ta yi araha, aka riƙa ciyar da sojoji da fursunoni da lebura da ita.

A Jafan akwai wani likitan sojan ruwa, Takaki Kanehiro, wanda ya yi karatu a Landan. Ya lura ƙananan matuƙa masu cin zallar farar shinkafa su ke kamuwa, manyan hafsoshi masu cin abinci iri-iri kuwa ba safai ba. A 1883 wani jirginsu ya komo daga tafiyar wata tara zuwa Niyuzilan da Amurka ta Kudu. Cikin mutum 376, guda 169 sun kamu, 25 sun mutu. Takaki ya roƙa a aiki wani jirgi ya bi wannan hanya sak, amma a ƙara wa mutanensa nama da kifi da madara da ganyaye. Aka yi haka a 1884. Cikin mutum 333, waɗanda suka kamu ba su kai ashirin ba, ba kuwa wanda ciwon ya kashe. Sojan ruwa suka sake cima, har suka riƙa gauraya shinkafa da sha'ir, ciwo ya bar su.

Likitocin sojan ƙasa kuwa suka ƙi. Suka ce ai ƙwayar cuta ce, ba ruwan abinci. Da Jafan ta yi yaƙi da Rasha a 1904 zuwa 1905, sojan ƙasa fiye da 200,000 suka kamu da beriberi, wajen 27,000 suka mutu. Kun ga abin da taurin kai ke jawowa.

Kada kuwa ku ce waɗannan likitoci jahilai ne. Zamanin ne ya zo da haka. Louis Pasteur a Faransa da Robert Koch a Jamus sun nuna ƙwayoyin da ba a gani sai da madubin likita su ke kawo cututtuka da yawa. A 1882 Koch ya gano ƙwayar tarin fuka, bayan haka kaɗan ya nuna ta kwalara. Saboda haka kowa ya ɗauka kowace cuta wani abu ne ya shiga jiki. Kaɗan ne suka kawo a ransu cewa rashin shigar wani abu ma yana kwantar da mutum.

Kajin Likita Eijkman

A 1886 gwamnatin Holan ta aiki likitoci zuwa tsibirin Jawa, wanda take mulki a lokacin, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Indonisiya, don su nemo ƙwayar beriberi. A cikinsu akwai wani saurayi, Christiaan Eijkman, wanda ya yi aiki a wurin Koch. Ya zauna a birnin Batabiya, watau Jakarta ta yau, yana ta yi wa dabbobi allurar jinin marasa lafiya, bai ga abin da yake nema ba.

Ana nan wajen 1890, sai kajin da yake ajiye don gwaji suka fara tangaɗi, ƙafafunsu suka mutu, kamar dai masu beriberi. Waɗanda aka yi wa allura da waɗanda ba a yi wa ba, duk ɗaya. Yana cikin bincike, kwatsam sai kaji suka warke da kansu. Wani da ya ce Allah ya kyauta, ya wuce. Eijkman ya tsaya bin diddigi. Ashe watanni biyar da suka wuce mai kula da kajin yana karɓo ragowar dafaffiyar farar shinkafa daga madafar asibitin soja yana zuba musu. Da aka sake kuku, sabon ya ce ba zai ba kajin farar hula shinkafar soja ba. Tilas aka koma saya musu shinkafa mai araha wadda ba a cashe ta fari ba, suka miƙe.

Eijkman ya maimaita abin da gangan. Ya ba waɗansu kaji farar shinkafa, suka kwanta. Ya zuba musu dusar da aka cire daga jikinta, suka tashi. Wani abokinsa, Adolphe Vorderman, mai duba lafiyar gidajen kurkuku, ya bi gidaje wajen 100 masu fursunoni kusan 280,000 yana ƙidaya. Inda ake cin farar shinkafa, mutum 1 cikin 39 yana da ciwon. Inda ake cin wadda ba a cashe sarai ba, 1 ne cikin 10,000.

Duk da haka Eijkman ya fassara abin a karkace. Ya ce akwai dafi a cikin ƙwayar shinkafa, dusa kuwa ita ce makarinsa. Sai wanda ya gaje shi a wurin, Gerrit Grijns, ya faɗi gaskiyar magana a 1901. Ya ce babu wani dafi. Akwai wani abu a cikin dusa wanda jiki ba ya iya zama sai da shi, rashinsa shi ne ciwon.

Yadda Aka Raɗa Suna

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1907 waɗansu likitoci biyu a ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ciyar da ɓerayen Masar da zallar hatsi, suna jiran su ga beriberi. Sai ga sikabi ya fito. Suka ba su ɗanyen ganye da ruwan lemo, suka warke. Ashe cututtukan nan biyu 'yan gida ɗaya ne.

A 1912 Frederick Gowland Hopkins na jami'ar Kambirij ya ba da labarin gwajinsa. Ya haɗa wa 'ya'yan ɓera abinci tatacce, da sitaci da sukari da mai da gishiri da abin gina jiki, duk abin da masana suka ce rai na bukata. Kashi ɗaya ya bar su haka, kashi ɗaya ya ƙara musu madara wadda ba ta cika ƙaramin cokali ba. Masu madara suka yi ta girma, saura suka tsaya cik. Bayan kwana 18 ya juya, ya ba waɗannan ya hana waɗancan, girman ma ya juya.

A wannan shekara kuma Casimir Funk, mutumin Folan mai aiki a Landan, ya raɗa wa abin suna. Ya ɗauko kalmar Latin mai nufin rai, ya haɗa da sunan wani jinsin sinadari, daga nan aka sami bitamin. A 1913 Elmer McCollum da Marguerite Davis a Amurka suka nuna akwai wani a cikin man shanu da gwaiduwar ƙwai, dabam da na dusa. Don a rarrabe su sai aka kira na mai A, na dusa B, maganin sikabi kuwa ya zama C. A 1926 aka tace bitamin B1 zalla daga dusar shinkafa, a can Jawa inda kaji suka fara tangaɗi. A 1929 aka ba Eijkman da Hopkins kyautar Nobel. A 1932 aka tabbatar da ainihin bitamin C, Albert Szent-Györgyi na Hangari kuwa ya tace shi da yawa daga tattasan ƙasarsu. Na ƙarshe da aka tace shi ne B12, a 1948. Yau an san bitamin 13: A, C, D, E, K, da dangin B guda takwas.

Aikinsu A Cikin Jiki

To, me suke yi? Ku ɗauki jiki kamar gini. Tuwo da mai su ne itacen da ake hura wutar aiki da shi, nama da wake su ne tubali. Bitamin kuwa kamar kayan aikin magina ne. Ba su da yawa, amma in babu su, tubali na nan a jibge, gini ba ya tashi.

Akwai wani abu kamar zare mai ƙarfi da ke ɗaure fata da dasashi da hanyoyin jini, wanda jiki ke sāƙa sabonsa kullum, tsohon yana lalacewa. Sai da bitamin C wannan saƙa ke yin ƙarfi. Da tabon rauni ma da shi aka ɗinke. Kun ga dalilin da ya sa raunin tsohon sojan Anson ya buɗe. Akuya da kare da yawancin dabbobi suna yin nasu bitamin C a jikinsu, amma mutum da biri da ɓeran Masar sai sun ci.

Bitamin B1 shi ke taimakon jiki ya mai da tuwo ƙarfi. Jijiyoyi da zuciya ba su hutawa, don haka su ke fara jigata in ya yanke. Abin da babban mutum ke bukata daga gare shi a shekara guda cur bai fi nauyin ƙwayar gyaɗa ɗaya ba. A kan wannan ɗan abu dubban sojoji suka mutu.

Bitamin A da shi ido ke yin abin da yake gani da shi in haske ya yi ƙaranci. Rashinsa shi ke kawo dundumi, in ya yi tsanani ya makantar da yaro, ya kuma rage masa ƙarfin jure ƙyanda da gudawa. Tun zamanin Fir'auna likitocin Masar suna maganin dundumi da hanta, hanta kuwa ita ce rumbun bitamin A. A 1986 wani likitan ido na Amurka, Alfred Sommer, ya nuna a Indonisiya cewa ba yara ƙanana bitamin A bayan kowane wata shida yana rage mutuwarsu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Wannan ne asalin ɗigon da ake ɗiga wa ƙannenku a baki lokacin rigakafi.

Bitamin D shi ke sa jiki ya ɗauki abin da ƙashi ke ƙarfi da shi, fata kuwa tana yinsa da kanta in rana ta taɓa ta. K yana sa jini ya daskare a bakin rauni. B12 da wani ɗan'uwansa da ke cikin ganye suna aikin yin sabon jini.

Abin Da Ke Cikin Kasuwarmu

Ku duba kusa da ku. Garin 'ya'yan kuka yana da bitamin C fiye da lemo, haka gwaba. Manja da karas da mangwaro da gwanda da zogale da alayyafo suna ɗauke da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Gyaɗa da wake da hatsin da ba a yi wa surfe mai tsanani ba suna da dangin B. Nono da ƙwai da kifi da hanta suna da B12.

Shinkafar da matan ƙasarmu ke turarawa tun tana cikin ƙaiƙayinta, su shanya kafin a cashe, ita ma tana da nata tarihi. A 1907 wani likita a ƙasar Malaya, Leonard Braddon, ya nuna leburorin Indiya masu cin irin wannan shinkafa ba safai suke beriberi ba, 'yan Sin masu cin fara kuwa suna ta kamuwa. Dalili shi ne, turiri yana kora bitamin daga dusa zuwa cikin ƙwaya, ko an cashe yana nan. Saboda haka kada ku raina ta don ba ta yi fari ba.

Abu uku za ku kai gida. Na ɗaya, a riƙa sassāke cima, domin ba abinci guda da ya tara bitamin duka. Na biyu, kada a bar ganye a wuta har ya mutu, ku tuna da dafaffen lemon Lind. Na uku, kada a sha ƙwayoyin bitamin barkatai ba da izinin likita ba, domin A da D suna taruwa a jiki, in sun yi yawa su zama cuta.

Ku kuma da ke karatu, ku lura da mutanen wannan labari. Lind lemo ya gwada, Takaki kwanon matuƙa ya leƙa, Eijkman abincin kaji ya tambaya. Ba ɗayansu da ya fara da kayan aikin da suka fi na makarantarku nesa. Sun dai sa ido a kan abin da kowa ke wucewa, suka gwada, suka ƙidaya, suka rubuta. Wanda ya koyi wannan hali tun yana aji, ƙasarsa za ta ci moriyarsa.